Na Je Ikko Ɗibar Ruwa

Shekara 19 ke nan ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a cikin garin Bauchi. Kowace shekara sai na zana taswirar Nijeriya a allo, in shafe gindinta da shuɗin alli, in ce wa yara nan ne Tekun Atilantika. In yi musu bayanin yadda wata ke jan ruwa ya cika ya janye, in ba su aikin gida a kai, wanda ya faɗi in ba shi maki kaɗan. Alhali ni kaina babban ruwan da idona ya taɓa gani bai wuce dam ɗin Dadin Kowa na Gombe ba, sai Gubi namu na nan gida, sai kuma kogin Gongola idan ya yi cikar damina a gadar Dindima.

Wata yarinya 'yar aji huɗu ce ta tona ni. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wai da gaske ruwan teku gishiri gare shi, ko dai faɗa ake yi?" Na ce da gaske ne, kowace lita tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Ta ce, "Ka taɓa sha?" Aji ya yi tsit. Na ce ta zauna, lokaci ya ƙure.

Ana cikin haka matar taubashina ta haihu a Agege, suna ya faɗo cikin hutun Disamba. Ɗan Kawu ne, wan mahaifiyata, tare muka yi makarantar allo kafin ya gudu Legas shekara 17 da suka wuce. Da acaɓa ya fara, daga baya ya koma harkar shanu a mayankar Oko-Oba, Allah kuma ya buɗa masa. Na ce da maiɗakina zan je suna. Ta dube ni ta ce sunan 'ya'yansa uku na baya ai saƙon barka na aika ta waya. Ban tanka ba, na jefa wata gorar ruwa wadda ba komai a cikinta a jaka.

Hanya dai doguwa ce, ba ni da abin faɗa a kanta sai gajiya. Mun tashi bayan la'asar, muka sha sanyin Jos, muka gangara Akwanga, Abuja, Lakwaja, Okene, Badun. Na bar gida da rigar sanyi da tsagaggen leɓe saboda hunturu, na sauka Agege ina tsiyayar gumin da ba ya bushewa. Unguwar da suke kuwa, in ka rufe ido ka rantse a kasuwar Wunti kake: Hausa ta ko'ina, mai shayi, mai tsire, ladan. Cinikin goro ne ya fara tara mutanenmu a can tun zamanin da, har suna da Sarkin Hausawansu.

Bayan an watse daga suna na ce masa teku nake son gani. Ya ajiye kofin shayinsa.

"Ɗan Goggo, me ka ajiye a can?"

"Kai sau nawa ka je?"

"Kullum in na hau gada ina ganinsa."

Washegari da muka hau gadar da yake nufi, wato babbar gadar nan ta Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 wadda Babangida ya buɗe a 1990, ya nuna mini ruwa ta tagar mota yana cika baki. Ga shi nan shimfiɗe, toka-toka, ga gidajen Makoko a kan turaku, hayaƙin bandar kifi na tashi daga cikinsu, ga masunta a kwale-kwale. Na ce masa wannan ba teku ba ne, tafki ne da ya kwanta a bayan tsibiran Legas, ta wata 'yar kafa kawai yake haɗuwa da teku. Daga irin waɗannan tafkuna ma Turawan Fotugal suka raɗa wa garin suna, Yarbawa kuwa Eko suke cewa, mu muka mayar da shi Ikko. Ya ce shi dai ruwa ruwa ne. Na yi masa dariya har kwandasta ya waigo. Shekara 17 mutum yana kwana a bakin rijiya bai taɓa leƙawa ba! Na riƙe wannan na yi ta tsokanarsa da shi, ban san nawa na nan tafe ba.

A Dandalin Tafawa Ɓalewa muka sauka, wanda kowa ke kira TBS. Duk ɗan Bauchi da ya tsaya a wurin nan dole ya ji wani abu. Asalinsa filin sukuwar Turawa ne, kuma a nan aka yi bikin samun 'yanci ranar 1 ga Oktoba, 1960, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu, mutuminmu Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi jawabi da muryar nan tasa da ake yi wa kirari da ta zinare. A saman ƙofar shiga akwai gumakan fararen dawaki sun yi tsaye da ƙafafun baya, da jajayen mikiya. Cikinsa kuwa siminti ne fetal da matattakalan zaman 'yan kallo, babu inuwa. Waje ya zama tashar manyan bas-bas, ga masu sayar da tikitin jirgi, ga masu abinci. Na lura yawancin masu cewa TBS ba sa ma tuna cewa sunan mutum ne. Na zaro tsohuwar naira biyar daga aljihu na nuna wa babban ɗan taubashina da ya biyo mu, na ce wannan ne mai wurin, kuma kabarinsa yana garinmu. Yaron ya ce, "Baffa, yanzu ai ba a karɓar wannan ko a wurin mai alewa."

Daga nan da ƙafa muka taka zuwa Freedom Park da ke titin Broad. Wannan wurin ya burge ni, kuma ban zaci haka ba. Tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka ne, an tsare ɗan kishin ƙasa Herbert Macaulay a ciki, an tsare Awolowo. Bayan an daina amfani da shi ya daɗe a yashe, sai a 2010, lokacin cikar Nijeriya shekara 50, aka buɗe shi a matsayin lambun shaƙatawa. Ba su rushe tsohuwar katangar ba. Sun kuma fitar da girman ɗakunan fursunoni yadda suke a da, na shiga ɗaya na miƙa hannuwana, da kaɗan ban taɓo bango da bango ba. Inda ake rataye mutane a da, yanzu dandamalin makaɗa ne. Akwai ciyawa, da bishiyoyi, da 'yan tafkunan kifi, kuma da zarar ka shige ƙofar sai hayaniyar gari ta koma can nesa kamar an rufe murfin tukunya. Muka samu benci a inuwa. Taubashina ya tuɓe takalmi, kafin in gama karanta wani allo har ya fara minshari. A nan na fara fahimtar abin da Legas ke sayarwa a irin waɗannan wurare. Ba furanni ba ne, shiru ne da inuwa, abin da a Bauchi kowane gindin maina ke bayarwa kyauta.

Muka yi azahar a Babban Masallacin Legas, sannan na ce a kai ni Bar Beach. Tun ina yaro nake jin sunan a bakin Kawu, shi da ya yi zaman Legas a shekarun 1970, lokacin da ake ɗaure 'yan fashi a jikin durom a bakin ruwan a harbe su, jama'a na kallo. Muka bi titin Ahmadu Bello a tsibirin Victoria, wanda a da ruwa kan taso ya malale shi. Babu Bar Beach. An yaso rairayi daga ƙarƙashin teku an cike wurin, an kafa sabuwar unguwa mai suna Eko Atlantic, an tare ruwa da wata doguwar katanga ta duwatsu. Abin da na gani shinge ne, da ƙofa, da masu gadi, da dogayen benaye can ciki. Ana jin ƙamshin gishiri a iska, amma ruwan ya yi nisa. Mai tasi ya ce in rairayi muke so sai mu nausa Lekki. Muka je wani bakin ruwa da ba zan kama sunansa ba, aka yanka mana kuɗin shiga na mutum uku da ya kusa kai kuɗin buhun masara ƙarami, ban da na ajiye mota, ga kiɗa kamar zai fasa kunne tun daga ƙofa. Taubashina ya ce shi ba zai biya kuɗi don ya ga abin da Allah ya halitta ba. Muka juyo. Ranar dai gorata haka ta koma Agege a bushe.

Kwana biyu bayan haka muka sammako zuwa gandun dajin Lekki, Lekki Conservation Centre. Sammakon dole ne, don wanda ya bari rana ta ɗaga to a gosulo zai yi yininsa. Wata gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya, NCF, ita ta kafa shi a 1990, lokacin da yankin duk fadama ce da kurmi. Yau gidaje da kantuna sun kewaye shi ta kowane gefe, ya rage kamar ɗan tsibirin ganye mai faɗin hekta 78. Da na ji adadin sai da na yi murmushi. Yankari tamu murabba'in kilomita 2,244 ce. In ka yi lissafi, sai ka zuba wannan gandun a cikinta kusan sau 2,900.

Da wannan girman kan na shiga, amma bai daɗe ba. Hanyar katako aka shimfiɗa a kan turaku ta ratsa fadamar, ƙarƙashinka baƙin ruwa ne tsaye, sama kuma tukurwa da kwakwa da wasu itatuwan da ban san sunansu ba sun haɗe kai sun tare rana. Dajinmu na arewa a buɗe yake, kana hango mutum daga nesa, ciyawa ta bushe ta yi ja, ƙasa na ƙamshin ƙura. Wannan kuwa a rufe yake, yana ɗiga, yana warin ruɓaɓɓen ganye, komai a jiƙe. Shekara 19 ina rubuta "kurmin fadama" a allo, sai ranar na san iskar cikinsa nauyi gare ta.

Birai ne masu gidan. Ƙanana ne, masu farin ƙirji da doguwar jela, fuskarsu kamar an yi musu kwalli. Wani ya diro ya fizge biskit daga hannun yaron ya haye reshe ya zauna yana ɓare leda a natse. Yaron zai yi kuka, na ce ya gode Allah, wannan ai ɓarawo ne mai ladabi. Gwaggon birin Yankari ɗaki yake buɗewa ya shiga, ya ɗauki jakar abinci gaba ɗaya, in ka yi magana ya nuna maka haƙora.

Sai muka iso abin da ke kawo mutane, gadar sama. Tsawonta mita 401, inda ta fi tudu ya kai mita 22.5, an buɗe ta a 2015, kuma ana cewa babu mai tsawonta a Afirka. Faɗin wurin takawa bai wuce na mutum ɗaya ba, raga ce ta gefe da gefe, wayoyin ƙarfe ke riƙe da ita daga hasumiya zuwa hasumiya. In na gabanka ya taka, kai za ka ji a gwiwarka. Mai yi mana jagora ya ce wanda ya hau ba ya komowa da baya, sai dai ya fita ta ɗaya ƙarshen. Taubashina, mutumin da ke kama ƙahon bijimi ya kayar da shi, ya dubi gadar ya ce, "Ɗan Goggo, ni siraɗi ɗaya aka ce mini zan hau, kuma ba yau ba." Sai da ɗansa ya wuce gaba yana dariya kunya ta sa ya bi. Duk addu'ar da muka koya a makarantar allo sai da na ji ta a bayana, har da ta shiga kasuwa. Ni ma ba zan yi ƙarya ba, tafin hannuna ya jiƙe. Amma da muka kai can ƙoli, kan itatuwa ya koma ƙarƙashinmu kamar gonar gero da ta yi kyau, iska mai sanyi ta buso daga kudu, na hango rufin gidajen Lekki sun yi wa dajin zobe. A nan mutum ke gane cewa ba don an kafa shinge tun 1990 ba, da ko reshe ɗaya bai rage ba.

Mun sauko wani fili mai ciyawa da rumfuna, inda aka zana dara da ludo manya-manya a ƙasa, ga ɗawisu na yawo, ga wani tsohon kunkuru da ya girmi kowa a wurin. Iyalai sun baje tabarmi suna cin abinci. Na ci gaba da cika baki, ina ba su labarin giwayen Yankari, da ɓauna, da gwanki, da ruwan Wikki mai fitowa daga ƙarƙashin dutse garau, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Taubashina ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "To Malam, yaushe rabonka da can?"

Na yi shiru ina lissafi. Tun wata ziyara da muka kai ɗalibai, kafin a haifi 'yata ta biyu, wadda yanzu take shirin gama firamare.

"Sumu fa, inda aka kawo raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya?"

Ban taɓa zuwa ba.

"Kabarin mutumin da ka nuna wa yaro a jikin naira biyar?"

Kusan kullum ta gabansa nake wucewa a kan babur. Sau ɗaya na taɓa shiga. Ya kwashe da dariya har ya buge cinya, ya ce ashe kowa da rijiyar da yake kwana a bakinta. Ya rama, kuma ban da ta cewa.

Ana gobe zan tafi wani mai sayar da agogo ɗan Azare ya ba mu shawarar Tarkwa Bay. Ba a zuwa ta mota, sai ta ruwa. Muka shiga jirgi mai inji daga Marina, aka ɗaura mana rigar hana nutsewa, taubashina ya ƙanƙame bencin da hannu biyu. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Muka bi ta mashigar da manyan jiragen dakon kaya ke bi zuwa Apapa. Ɗaya ya wuce mu, tsayinsa ya fi duk wani bene da ke Bauchi, kwantena jere a kansa kamar sabulu a kanti, igiyar ruwan da ya bari ta ɗaga mu ta sauke.

A nan malamin labarin ƙasa ya samu abin da ya zo nema. Gefen mashigar akwai dogayen ganuwoyi na duwatsu da Turawa suka fara jerawa cikin teku tun wajen 1908, don kada rairayi ya toshe wa jirage hanya. To a wannan gaɓar, ruwa daga yamma yake jan rairayi zuwa gabas. Da ganuwar ta tare shi, sai ya taru a gefen yamma, gefen gabas kuma, wato Bar Beach, ya rasa mai kawo masa, teku ya yi ta cin sa shekara da shekaru. Abin da ya cinye bakin ruwan Kawu shi ne ya yi wa Tarkwa Bay garkuwa, shi ya sa ruwanta ya fi na sauran kwanciya. Na yi wa taubashina wannan bayani da zane a kan rairayi. Ya ce in ajiye wa ɗalibaina.

Wurin ba aljanna ba ce. Akwai leda da robobin da ruwa ke kawowa, akwai kuɗin shiga, kujera da rumfa ma haya ne. Mazauna wurin da yawa sojojin ruwa sun tashe su a watan Janairun 2020, bisa zargin fasa bututun mai a yankin. Amma da muka taka bayan ganuwar zuwa ɓangaren da ke fuskantar teku kai tsaye, duk na manta da wannan.

Ƙararsa na fara ji kafin in gan shi, kamar hadari na gabas da ya ƙi ƙarasowa. Sannan ga shi. Duk ruwan da na sani yana da tsallake, ko Dadin Kowa in ka dubi can za ka ga tudu. Wannan babu. Ya tafi har ya haɗe da sama, jirage na jere can nesa suna jiran layi kamar ƙudaje a bakin faranti. Igiyar ruwa ta taso ta naɗe, ta fashe da farin kumfa, ta zo ta shafi ƙafata, da za ta koma sai na ji tana zare rairayin da ke ƙarƙashin dugadugaina. Na ja da baya da sauri. Wani matashi da ke wurin ya gargaɗe mu kada mu wuce gwiwa a wannan ɓangaren, ruwan yana ja. Taubashina ko idon sawu bai bari ya jiƙe ba. Ya tsaya can baya hannu a ƙugu, ya daɗe bai ce komai ba, daga baya na ji ya ce, "Ikon Allah." Tun da muke ban taɓa jin ya faɗi magana ba tare da tsokana a ƙarshenta ba sai ranar.

La'asar ta yi. Na tuna karatun da muka yi a zaure, hadisin da aka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ruwan teku, ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Lokacin da malaminmu ke karanta mana shi, mu da shi duk babu wanda ya taɓa ganin abin da ake magana a kai. Na tsuguna na yi niyya. Da na kai ruwan baki don kurkura, sai da idona ya kawo ƙwalla. Ba gishirin miya ba ne, akwai ɗaci-ɗaci a bayansa da ke kama maƙogwaro. Muka shimfiɗa rawanin taubashina a kan rairayi muka yi salla, teku na ta damarmu yana ta sha'aninsa.

Sannan na cika gorata, na ɗaure bakinta da leda.

Ta sha tambaya a hanya. A wani shinge bayan Okene jami'i ya ɗaga ta yana jujjuyawa, na ce ruwan teku ne, ya ce na magani ne? Na ce na makaranta ne. Da na iso gida mahaifiyata ta ce a ɗiba mata kaɗan ta shafa a gwiwa, wai ta ji ana cewa yana maganin sanyi. Na ce ban san da wannan ba, ta ce ba tambayata ta yi ba.

Ranar da aka koma makaranta na shiga aji huɗu da gorar da ƙaramin cokali. Na ajiye a kan tebur, na kira yarinyar nan gaban allo, na ɗiga mata a harshe. Ta yamutsa fuska, ta ruga taga ta tofar, aji ya kaure da dariya. Ta dawo tana goge baki da gefen hijabi, ta dubi gorar, ta dube ni.

"Malam," ta ce, "tsakaninka da Allah, ba kai ka zuba gishirin ba?"